KADA A GOGE LAMBAR YARO

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai wata al'ada da ta zauna a ɗakunan kimiyya na makarantu, wadda na ke so mu duba tun ba mu karɓi namu azuzuwan ba. A kan ba yara gutsuren ƙarfe su auna, su nemi abin da Turawa ke kira densiti, watau nauyin abu gwargwadon girmansa. Yaro ya auna, ya yi lissafi, ya sami 8.1. Malam ya leƙa littafi, ya ga an rubuta 8.9 don jan ƙarfe, sai ya ce, "Ba daidai ba ne, goge ka rubuta 8.9." Yaron ya goge, littafinsa ya yi kyau, kowa ya tashi lafiya. Ni kuwa na ce wannan malami ya ɓata darasin, har gara da bai fito da sikeli ba.

Aikin kansa ba shi da wuya. A ɗora ƙarfen bisa sikeli tun yana busasshe, a rubuta giram nawa ne. Sa'an nan a sake shi cikin kwalba mai zane wadda aka zuba wa ruwa, a ga iyakar inda ruwan ya hau. Abin da ruwa ya ƙaru shi ne girman ƙarfen. A raba nauyi da girma, shi ke nan. Santimita ɗaya murabba'i ta kowace fuska, in ruwa ne giram 1, in alminiyam 2.7, baƙin ƙarfe 7.9, azurfa 10.5, dalma 11.3, zinariya kuwa 19.3.

To, me ya sa lambar yaro ta saɓa? Sau da yawa laifin ƙanƙantar ƙarfen ne. A ce gutsuren jan ƙarfe ne mai giram 44.5, girmansa 5. In idon yaro ya kauce da rabin zane kaɗai, ya karanta 5.5, zai sami 8.1. In ya karanta 4.5 kuma, sai 9.9. Kun ga rabin zane ɗaya tak ya ɗaga amsa ya sauke ta haka. Maganin wannan, a ba shi ƙusa goma maimakon ɗaya, a koya masa ya sunkuya idonsa ya yi daidai da fuskar ruwa, ya karanta daga ƙasan lanƙwasar, ya ƙwanƙwasa kwalbar domin kumfar da ta manne wa ƙarfe ta tashi. Duk waɗannan ba zai taɓa neman saninsu ba in an riga an ba shi amsa.

Amma abin da ya fi damuna shi ne, wani lokaci yaron ne mai gaskiya, malam ne bai san abin da ya miƙa masa ba. Munduwa irin wadda maƙeran Bida ke yi, tagullarta garwaye ce ta jan ƙarfe da tutiya, nauyinta wajen 8.5 ne, ba za ta kai 8.9 ba ko an auna sau ɗari. Gwangwanin madara, da shi ke Turawa suna kiransa da sunan kuza, sai a zaci zai ba da 7.3. Alhali baƙin ƙarfe ne aka shafa masa kuza sama sama, in aka yanyanka shi da yawa aka auna, amsar kusa da 7.9 za ta faɗa. Tukunyar alminiyam ta zubi ta kan yi 'yan kogunan iska a ciki, sai ta kasa 2.7. Ashe sikeli ya tona abin da ido bai gani ba, sa'an nan mu ce a goge!

Ai wannan shi ne asalin aikin. An ba da labari cewa Sarki Hiero na Sirakus, a tsibirin Sisili, ya yi zaton maƙeri ya garwaya azurfa cikin kambinsa na zinariya, ya sa Arkimidis, wanda ya mutu shekara 212 kafin haihuwar Almasihu, ya bincika ba tare da ya fasa kambin ba. Saɓanin da ke tsakanin kambi da zinariya tsantsa, shi ne abin da ake nema. Masu wankin kuza a ƙasar Jos ma da wannan ilimi su ke aiki, gama dutsen kuza nauyinsa wajen 7 ne, yashi bai kai 3 ba, domin haka ruwa ya kan tafi da yashi ya bar kuza a ƙasan kwano.

Na san abin da waɗansu za su ce: lokaci kaɗan ne, yara sun yi yawa, jarrabawa kuma lambar littafi ta ke so. Gaskiya ne, ban kuwa ce kada su san 8.9 ba. A ja layi biyu, ɗaya na abin da yaro ya samu, ɗaya na abin da littafi ya ce, a ƙarƙashi ya rubuta dalilin da ya ke tsammani ya raba su. Minti biyar ya isa. Amma yaron da aka saba masa ya rubuta abin da bai gani ba domin babba ya ji daɗi, gobe shi ne malamin asibiti mai auna magani, ko akawu mai auna gyaɗar talakawa. Mu da muka tashi ana yi mana gargaɗi a kan mudun zalunci, bai kamata a koyi wannan hali a hannunmu ba.

Wanda makarantarsa ba ta da kwalba mai zane, kada ya fake da wannan. Ya ɗaura ƙarfen da zare a jikin sikeli mai ratayawa, ya auna a iska, ya kuma auna yana nitse cikin ruwa ba tare da ya taɓa ƙasan kwano ba. Giram nawa ya ragu, shi ne girmansa. In ya yi 89 a iska, 79 a ruwa, ragin 10 ne, a raba 89 da 10.