Ra'ayinmu: A Nuna Mana Iyakar Ruwa Kafin A Shafa Jan Fenti

Idan dai ba a manta ba, a daren 3 ga watan Yuni na 2015 ne ambaliya ta haɗu da gobara a wani gidan mai da ke shataletalen Kwame Nkrumah, wanda aka fi sani da Circle, a birnin Accra, inda fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu. Ba a cika wata guda ba hukuma ta shiga Old Fadama da motocin rusau, ta ce gine-ginen sun tare hanyar kogin Odaw. Ga wanda ya shigo Gana da fatauci ya kama shago, abin tambaya a nan shi ne: daga ina hanyar ruwa ta fara, a ina kuma ta tsaya?

Amsar tana rubuce, sai dai da Turanci. A 2011 gwamnatin Gana ta fitar da manufar kare bakin koguna, wadda ta tanadi tazarar da za a bar wa ciyawa da itatuwa ba tare da gini ba. Ga manyan koguna, mita 10 zuwa 60 ne daga gaɓa. Ga ƙananan rafuka masu gudu rani da damina, mita 10 zuwa 20. Ga madatsar da gari ke sha, irin ta Weija, mita 60 zuwa 90. Hikimar ita ce ciyawa tana rage ƙarfin ruwan sama, tana tace laka da baƙin mai da ƙazanta kafin su faɗa kogi.

Akwai kuma abin da ma'aikata ke kira yankin kogi, wato duk ƙasar da ruwan samanta ke gangarawa cikin kogi ɗaya. Babbar kwatar Nima da Maamobi ta yankin Odaw ce, ruwanta yana bi ta tafkin Korle ya shiga teku. Ba shi ake sha ba, amma duk inda bututun famfo ya ratsa kwata ya fashe, ƙazanta ta samu ƙofa, kuma mun ga abin da kwalara ta yi a 2014. Weija kuwa, wadda ita da Kpong ke shayar da Accra, tana kan kogin Densu ne, wanda ya taso daga tsaunukan Atewa ya ratsa Nsawam. Ta wannan hanya manyan motocinmu ke saukowa daga Paga da Kumasi, kuma a kanta Adjen Kotoku take, inda aka mayar da 'yan albasa daga Agbogbloshie a 2021. Saboda haka direban da ya zubar da baƙin mai a rafin da ke gangarawa Densu, ruwan shan 'ya'yansa ya ɓata.

Muna goyon bayan a kare wannan tazara, domin rigakafi ya fi magani. Amma ba adalci ba ne a zuba ido ana sayar wa baƙo fili a bakin rafi, ya kashe jarinsa, sannan a wayi gari an shafa wa bangonsa jan fenti. Haka nan ba daidai ba ne a rushe rumfar mai tumatir, a ƙyale benen mai hannu da shuni da ke gaɓa ɗaya da ita.

Don haka muna kira ga Hukumar Albarkatun Ruwa da majalisun yankuna, waɗanda dokar tsara filaye ta 2016 ta ɗora wa alhakin ba da izinin gini, da su kafa turaku masu alama a bakin kowane rafi, su kuma bayyana waɗannan kalmomi da Hausa a gidajen rediyo da tashoshin mota, daga Aflao har Paga. Sarakunan zango da limamai su ma su sa baki a kan zubar da shara cikin kwata idan hadari ya taso.

Ku kuma 'yan'uwa 'yan kasuwa, kada ku miƙa ko sidi ɗaya na fili ko shago sai kun je ofishin tsara gari kun tambaya ko wurin yana cikin tazarar ruwa, an kuma ba ku amsa a rubuce. Allah Ya kiyaye mana rayuka da dukiya, amin.