Dare Ɗaya A Wajen Kiɗan Ƙarfe: In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira

 Yau zan ba ku labarin wani wuri da na shiga wanda ban taɓa zaton ƙafata za ta taka ba, da kuma abin da na fito da shi daga can, domin na ga ya shafe mu kai tsaye.

A shekarar 2019 na je Burusel, babban birnin ƙasar Beljiyam, sayen tsofaffin motoci a unguwar Heyvaert, inda dillalai ke tara motocin da ake lodowa a jirgin ruwa zuwa Kwatano. Ɗan mai masaukina, wani saurayi haifaffen can, ya matsa mini lamba sai na raka shi kallon wani kiɗa da suke kira hebi metal, wato ƙarfe mai nauyi. Na ce da shi ni da na tashi da kalangu da gurmi, me ya haɗa ni da wannan? Ya ce, "Kawu, gani ya kori ji." Shi ya biya mini kuɗin shiga, yuro 30, wato kusan jaka 20 na sefa.

A bakin ƙofa wata ma'aikaciya ta miƙa mini wasu ƴan abubuwa guda biyu masu taushi kamar soso, na ɗauka alewa ce. Yaron ya yi dariya ya ce na toshe kunne ne. Girman kai ya sa na jefa su aljihu, ina cewa a raina wanda ya shekara ashirin a kasuwa wace ƙara ce za ta ba shi tsoro.

Da makaɗan suka fara sai na san na yi kuskure. Mai ganguna yana duka da hannu da ƙafa, masu gita biyu suna ta gurza, mawaƙin kuma yana gurnani kamar an shaƙe bijimi. Ƙarar har a ƙirji nake jin ta, kai ka ce an tada injin niƙa goma a ɗaki ɗaya. A tsakiyar fili samari na ta bangazar juna da gangan, amma da wani ya faɗi sai na kusa da shi su tsaya su ɗaga shi. Da na duba da kyau sai na ga yawancin mutanen nan masu dogon gashi da baƙaƙen riguna kunnuwansu a toshe suke, har da masu gadi. A jikin bango kuma akwai wani allo mai nuna lamba, tana hawa tana sauka tsakanin 97 da 99. Bayan kamar rabin awa na laluba aljihu na sa nawa, amma duk da haka kwana biyu na yi ina jin kukan gyare a cikin kaina.

Ba ina kiran kowa zuwa wannan kiɗa ba ne. Ana sayar da giya a wurin, kuma hotunan ƙoƙon kan mutum da ke jikin rigunansu ba su kwanta mini ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutanen da suka sayi ƙara da kuɗinsu sun san tana da illa, kuma sun yi mata shiri.

Shi dai wannan kiɗa a garin maƙera aka haife shi, wato Birmingham ta ƙasar Ingila, inda ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a 1970. Mai gitarsu Tony Iommi, a masana'antar ƙarfe injin ya datse masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17. Ƴan wannan sana'a sun ɗanɗana kuɗarsu kafin su yi hankali. Lars Ulrich, mai gangunan ƙungiyar Metallica, ya sha faɗa a fili cewa yana fama da ƙugin kunne mara yankewa saboda shekarun da ya yi yana kiɗa ba kariya. A 2016 kuma Brian Johnson, mawaƙin AC/DC, ya dakatar da yawon wasa bayan likitoci sun gargaɗe shi cewa zai iya kurumcewa gaba ɗaya.

Lambar nan ta jikin bango ma'aunin ƙara ce, ana kiran ta desibel. Bisa ƙa'idar hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, kunne na iya ɗaukar desibel 85 na awa 8 a yini. Da an ƙara 3 sai lokacin ya ragu da rabi, wato 88 awa 4 ke nan, idan kuwa aka kai 100 to minti 15 ne kawai. Tun 2018 dokar yankin Burusel ta haramta wuce 100 a wuraren kiɗa, ta kuma wajabta wa mai wurin da ke wuce 95 ya tanadi abin toshe kunne da wurin hutawa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da irin wannan ƙa'ida ga ƙasashe baki ɗaya, inda ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa jinsu.

Da na dawo gida na riƙa ba da labarin nan a rumfa ana dariya, ana cewa Turawa sun haukace. Wata rana ina cikin bayarwa sai na lura ihu nake yi kafin na kusa da ni ya ji, saboda janareta a bayanmu, mai maganin gargajiya da amsa-kuwwarsa a gabanmu, ga mai tura waƙoƙi a waya ya ƙure lasifika. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Su awa biyu suke yi su koma gida, mu kuwa daga Ƙonni zuwa Illela, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, tun hantsi har magariba muke ciki. Masana na cewa duk inda sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, to ƙarar wurin ta kai ta cutarwa.

Wani zai ce ai mun saba. Wannan sabon shi ne alamar ɓarnar. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke karɓar sauti, kuma duk wanda ƙara ta kashe ba ya sake tsirowa. Mutum zai ci gaba da jin murya amma ya kasa rarrabe kalmomi. Ɗan kasuwa kuwa da kunne yake ciniki. Wanda ya fara rikita biyu da biyar, ko bakwai da takwas, musamman a waya, asara ta shigo masa ta inda bai zata ba.

Wani kuma zai ce neman abinci ne, ba za a hana mai niƙa ko mai walda aikinsa ba. Gaskiya ne, kuma ban ce a hana kowa ba. Amma yaron da muka ajiye a bakin injin tun safe amana ce a hannunmu. Sosan toshe kunnen nan ba shi da tsada, kuma auduga ba ta maye gurbinsa. Masu sayar da kayan gini da masu zuwa saro Kano ko Lome su riƙa haɗo shi, ciniki ne ma a gare su. A matsar da janareta nesa da inda ake zama. Sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyinmu su zauna da masu amsa-kuwwa a tsayar da iyaka, kamar yadda ake tsayar da ta rumfa. Wanda kuma ya fara jin ƙugi a kunnensa ya je asibiti a duba shi, kada ya tsaya ɗiga mai.

Ni dai tun daga wannan dare ban ƙara shiga wajen niƙa ba sai da ƴan sosona a aljihu, kuma na saya wa yaran shagona nasu. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.