Hitar ƙarƙashin wurin wanke-wanke: kafin ku saya

Jama'a, hunturu ya kawo jiki, na ga ana ta tallar ƙaramar hitar nan da ake ɗaurawa ƙarƙashin famfon kicin, mai lita 10 ko 15. Ni dai ina goyon bayanta. Ta fi hitar nan ta tsomawa cikin bokiti, wadda yaro zai sa hannu ya ji ko ruwan ya yi zafi, wuta ta ja shi.

Masu cewa cin wuta gare ta, mu yi lissafi. Tun da NERC ta kai Band A naira 225 kan yunit a Afrilun 2024 kowa ke tsoron soket, gaskiya ne. Amma ɗumama lita 15 bai kai yunit ɗaya ba, kusan rabin awa ta gama. Barinta a kunne dare da rana ne ke cinye mita.

Abin da ke damuna shi ne wayarin gidajenmu. Gida nawa ne ke da wayar ƙasa ta gaske? Tankin ƙarfe ne cike da ruwa, mai jan wat 1500, kuma uwargida ce za ta kama famfon da jiƙaƙƙen hannu. Don Allah a kira mai wayarin ya duba tukuna, kada a bar wa mai gyaran famfo shi kaɗai.

Kada a kunna ta babu ruwa ciki, ƙonewa take. Masu ruwan burtsatse, farin ɓawo na taruwa ciki, sai an riƙa buɗewa ana wankewa. Ƙaramin janareto kuwa ba zai ɗauke ta ba, kar ma ku gwada.