Nas ɗin mako 13 a gefen gadon mai ciwon zuciya

A asibitocin Amurka akwai sashen da ake kwantar da masu ciwon zuciya bayan sun fito daga ɗakin kulawa ta musamman, amma ba su kai a mayar da su babban ɗakin jinya ba. Wanda aka yi wa tiyatar zuciya, ko aka buɗe wa jijiyar jini da ta toshe, a nan yake kwana, wayoyi manne a ƙirjinsa suna aika bugun zuciyarsa zuwa allo. Hatsari bai gama wucewa ba. Shi ya sa dokar jihar Kalifoniya ta hana a ɗora wa nas ɗaya fiye da majinyata 3 a irin wannan sashe.

Sau da yawa nas ɗin da ke tsaye a kansu baƙuwa ce, 'yar ci-ranin jinya. Kamfani ne ya turo ta da kwantiragi, galibi na mako 13, in ya ƙare ta ɗaure kaya zuwa wata jiha. Lokacin annobar korona kuɗin wannan aiki ya yi tashin gwauron zabi, har ma'aikatan dindindin suka riƙa ajiye aiki suna bin sahu. Wa zai ga laifinsu, alhali ta kusa da su tana ɗaukar ninkin albashinsu a kan aiki ɗaya?

Ba ƙwarewarta muke tuhuma ba. Kamfanoni kan nemi gogewar shekara ɗaya ko biyu kafin su tura ta. Matsalar ita ce akan zagaya da ita sashen kwana ɗaya ko biyu kawai, sai a miƙa mata majinyata. In bugun zuciyar mutum ya rikice da ƙarfe uku na dare, sanin inda kayan ceton rai suke da likitan da za a kira ba abu ne da ake koya a lokacin ba.

A ganinmu, baƙuwar nas ta cike giɓi ce, ba ta riƙe sashe ba. Asibitin da ya daɗe yana dogaro da ita, gara ya ƙara wa na gida albashi su zauna.

Ga 'yan Najeriya masu jinya a Amurka da wannan kuɗi ke kwaɗaitar da su, kafin ku sa hannu ku tambaya: majinyata nawa za a ba ku, kwana nawa za a nuna muku aiki, kuma wa zai biya hayar ɗakin da kuka kama in asibiti ya soke kwantiragin a mako na huɗu?