Ƙidayar Kiredit Ba Ita Ce Hisabin Makaranta Ba

Ya zama al'ada a makarantunmu na sakandare, tun daga Dutse har Birnin Kudu, daga Kiyawa zuwa Jahun da Gwaram, idan shekarar karatu ta zo ƙarshe a kafa rumfuna, a gayyato hakimi da jami'an ma'aikatar ilimi da iyayen yara, sa'an nan shugaban makaranta ya miƙe ya karanta rahotonsa na shekara. Duk wanda ya halarci irin wannan taro sau biyu ko uku ya riga ya haddace tsarin rahoton, domin galibi ba ya wuce cewa bana kashi kaza cikin ɗari na ɗalibanmu sun sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi, alhali bara kashi kaza ne, an gina azuzuwa kaza, an zagaye makaranta da katanga, ƙungiyar iyaye da malamai ta sayi kujeru, an kuma ciwo kofi a gasar kacici-kacici. Jama'a su tafa, liman ya yi addu'a, a watse, kowa ya koma gida da yaƙinin cewa makaranta ta ci gaba. Wannan yaƙini shi nake so in yi jayayya da shi, domin a ganina mizanin da muke auna makarantunmu da shi gurɓatacce ne, kuma illarsa ta riga ta kai ga abin da ake aunawar.

Tambaya ta farko da ya wajaba mai hankali ya yi idan ya ji an ce kashi saba'in cikin ɗari ita ce: cikin ɗari na su wa? Amsa kuwa ita ce, na waɗanda suka zauna jarrabawar WAEC ko NECO a wannan shekara, su kaɗai. Ba a lissafa yarinyar da aka cire a aji huɗu aka yi mata aure ba, ba a lissafa yaron da ya bi 'yan uwansa cirani zuwa Legas ko Abuja bai dawo ba, ba a lissafa wanda noman damina ya cinye masa zango guda ya ji kunyar komawa ba. Bayan waɗannan kuma akwai jarrabawar tantancewa, wadda yara suke kira kwalifayin, da ake yi kafin gwamnati ta biya wa ɗalibi kuɗin jarrabawar fita. Wanda ya faɗi, idan mahaifinsa ba shi da halin biya, sai ya fita daga lissafi baki ɗaya, tamkar bai taɓa zama a aji ba. Ban ga laifin gwamnati ba don ta tsai da ƙa'ida wajen kashe dukiyar baitulmali. Abin da nake gani laifi shi ne a tace yara sau biyu ko sau uku, har a bar waɗanda dama ake kyautata zaton za su ci, sa'an nan a ɗauki sakamakonsu a ce shi ne sakamakon makaranta. Bisa wannan hisabi, makarantar da ta fi sakaci da raunanan ɗalibanta, ta bari suka zube a hanya, ita ce za ta fi haske a takarda, wadda kuwa ta bi yaro har gida ta lallashi ubansa ya bar shi ya gama, ita ce alƙalumanta za su yi ƙasa. Irin wannan aiki idan ɗan kasuwa ya yi shi a kasuwar Shuwarin, ya zuba tsabar gero mai kyau a bakin buhu ya ɓoye ƙaiƙayi a gindi, algus muke kiransa, kuma babu malamin da zai halatta shi.

Sai kuma rashin adalcin da ke cikin jera makarantu a sahu ɗaya. Makarantar yara masu hazaƙa ta Bamaina, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Sule Lamido, da Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Kiyawa, da makarantun kimiyya na jiha, duk sai yaro ya ci jarrabawar shiga suke karɓarsa, kuma haka ya kamata, tun da don haka aka kafa su. Amma makarantar jeka-ka-dawo da ke wani ƙauye a ƙasar Miga ko Buji ba ta da ikon zaɓe: duk wanda firamare ta turo mata shi za ta karɓa, kuma kowane malami ya san cewa a cikin waɗanda ake turowa akwai masu yawa da ba sa iya karanta sakin layi ɗaya na Hausa ba tare da sun tsaya suna haɗa baƙi ba, balle Turancin da za a koyar da su kimiyya da shi. Malamin da ya karɓi irin wannan yaro, ya yi haƙuri da shi shekara uku, har ya kai shi matsayin da zai rubuta wasiƙa mai ma'ana, ya lissafa riba da faɗuwa, ya karanta takardar magani ya fahimta, wallahi ya yi aikin da ya fi na wanda aka miƙa wa haziƙi ya mayar da shi haziƙi. Amma rahoton shekara ba shi da gurbin da zai rubuta wannan jihadi, domin yaron bai kai kiredit biyar ba, saboda haka shi da malaminsa duka suna cikin sahun waɗanda suka faɗi.

Mafi munin abin da wannan mizani ya haifar shi ne satar amsa. Cutar daɗaɗɗiya ce a ƙasar nan: tun 1977 aka yi babbar fallasar takardun WAEC da ta girgiza Nijeriya, a 1984 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗin jarrabawa, a 1999 aka sake wata dokar, amma duk wannan bai kashe ta ba, saboda doka tana farautar yaron da ya shiga da takarda a aljihu, alhali musabbabin yana wurin manya. Idan aka ce wa shugaban makaranta darajarsa da ƙarin girmansa, da ma zamansa a kan kujerarsa, duk sun rataya ne a kan lamba ɗaya, aka kuma hana shi malaman da zai kai ga lambar ta hanyar halal, to an buɗe masa ƙofar fitina, kuma ba kowa ne Allah ya ba ƙarfin zuciyar rufe ta ba. Daga nan ake samun wuraren da ake karɓar kuɗi a hannun iyaye da sunaye iri-iri, a rubuta amsa a allo, mai sa ido ya juya baya. Ba na tuhumar wata makaranta da suna, kuma na san akwai shugabanni masu tsoron Allah da suka gwammace a ce sun gaza da su ci amana. Sai dai abin baƙin ciki, su ne ake yi wa faɗa a ofis, iyaye kuma su kwashe 'ya'yansu su kai inda aka ce "ana ci". Natijar tana bayyana ne a aji na farko na jami'a, inda malami zai ga ɗalibi da kiredit a Turanci amma ya kasa rubuta takardar neman izini. Tun 2005 jami'o'in Nijeriya suka fara yi wa masu neman shiga tasu tantancewar bayan ta JAMB, kuma ba don sun amince da takardun da ake kawo musu suka ɗora wa kansu wannan wahala ba.

Kada wani ya zaci wannan halin namu ne mu kaɗai. A Ingila, inda muka ari tsarin, tun 1992 aka fara buga jadawalin makarantu bisa yawan ɗaliban da suka ci darussa biyar da kyau, sai aka wayi gari malamai sun tattara himmarsu kan yaran da ke bakin iyakar ci da faɗuwa, suka yi sakaci da na can ƙasa da na can sama. Da hukuma ta ga haka, a 2016 ta koma auna makaranta da irin nisan da ta kai yaro daga inda ta karɓe shi. A birnin Atlanta na Amurka kuwa, matsin lamba kan alƙaluma ya kai malamai ga goge amsoshin yara suna gyarawa da hannunsu, har bincike ya ambaci malamai da shugabanni 178, kotu kuma ta sami goma sha ɗaya da laifi a 2015. Su sun ɗanɗana sun fara gyara, mu kuwa har yanzu muna tafa wa ma'aunin da masu shi suka yi watsi da shi.

Abin mamaki ma shi ne muna da ma'auni mafi inganci a gidanmu. A makarantar ilimi ta zaure, ɗalibi ba ya tashi daga Ahalari zuwa Ishmawi, ko daga Iziyya zuwa Risala, don shekara ta zagayo. Yana tashi ne ranar da malam ya saurare shi, shi kaɗai, ya ji ya karanta ya fassara ya warware mas'ala, kuma ijazar da za a ba shi shaida ce ta mutum sananne wanda ya sa mutuncinsa jingina. Shi ya sa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukhi, don ambaton shaihunan da ya ɗauki ilimi a wurinsu da abin da ya karanta gaban kowannensu. Ibnu Khaldun kuma, wanda ya rasu a 1406, ya yi bahasi a Muƙaddimarsa cewa maƙasudin karantarwa shi ne samun malaka, wato ilimi ya zauna a jikin mutum har ya iya sarrafa shi a muhawara, ya kuma soki ɗaliban da ke shafe shekaru a majalisi shiru suna hadda ba tare da sun same ta ba. Ba ina cewa a mai da sakandare zaure ba ne, aji mai yara tamanin ba zai ɗauki wannan ba. Ina cewa ne al'ummar da ta gaji wannan fahimta bai dace a ruɗe ta da lamba ba.

Game da koyarwa kanta, wadda ita ce asasin komai, rahoton shekara ya kan yi shiru. Ba za ka ji darasi nawa aka tsara a jadawali, nawa aka shiga aka koyar ba. Ba za ka ji cewa malamin lissafi ɗaya ne tal yake ɗauke da makaranta duka ba, ko cewa darasin kimiyya ya dogara ne kan ɗan bautar ƙasa da zai tafi bayan watanni, ko kan matasan malaman wucin gadi na shirin J-Teach, ko cewa ɗakin gwaje-gwaje ba a buɗe shi sai mako guda kafin jarrabawa. Gini kuwa ana ambatonsa da ƙarfi saboda ana ganinsa da ido, ana ɗaukar hotonsa. Ba na raina gini, yaron da ya zauna a ƙasa ruwan sama na zuba ta rufi ya san darajarsa, amma aji sabo fil da babu malami a ciki bai koyar da kowa komai ba.

Haka nan abin da ake kira hulɗa da jama'a an taƙaita shi ga karɓar kuɗi: a kira iyaye, a yanka musu haraji, a gode wa mai hannu da shuni. Kwamitocin kula da makarantu, waɗanda shirin ESSPIN na gwamnatin Birtaniya ya taimaka wajen ƙarfafawa a Jigawa da wasu jihohi biyar, an ƙirƙiro su ne don mutanen gari su sami bakin tambaya, amma a wurare da dama an mayar da su masu sa hannu kawai. Hulɗa ta gaskiya tana da fuska biyu. A Dutse akwai tashar binciken dabino ta gwamnatin tarayya, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, a Birnin Kudu ga zane-zanen mutanen da a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, a Miga da Jahun ga ambaliya da ke cinye gonaki kamar yadda aka gani a 2022. Ɗalibai nawa ne malamin aikin gona ko na tarihi ko na labarin ƙasa ya kai su waɗannan wurare, ya ce su duba, su auna, su rubuta? Kuma garin da ya ba da fili ya ba da 'ya'yansa, me ya samu: ajin yaƙi da jahilci na manya da yamma, ko yaran da za su karanta wa manomi ƙa'idar da ke jikin kwalbar maganin feshi?

Na san za a ce mini takardar shaida dole ce, babu mai shiga jami'a ko aikin gwamnati sai da ita, kuma lamba ta fi ra'ayin mutum tsarki daga son rai. Na yarda da rabin maganar: kiredit biyar haƙƙin kowane yaro ne a nema masa, kuma ban ce a daina faɗinsa ba. Amma lamba ba ta da tsarki idan mai kawo ta shi ne ya zaɓi waɗanda za a ƙirga, kuma shi ne za a saka wa ko a hukunta a kanta.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatar ilimi da ke Dutse da ta sauya fasalin rahoton da take nema daga shugabannin makarantu. A fara da rijistar aji ɗaya: yara nawa suka shiga, maza da mata, nawa suka kai ƙarshe, sauran kuma ina suka tafi, da sunan unguwarsu da dalilinsu. A gwada kowane yaro a karatu da rubutu da lissafi makon da ya shigo, a ajiye takardar, a sake gwada shi ƙarshen kowace shekara, a yaba wa makaranta gwargwadon tazarar da ke tsakani. A sa masu duba makarantu su riƙa zuwa ba da sanarwa ba, su buɗe littattafan rubutun yara su ga yaushe malami ya duba su da jan biro. Sa'an nan a karanta wannan duka da Hausa a gaban dagaci da liman da iyaye mata, a ba su damar tambaya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kwangila ko sabon kasafi, domin rijistar tana nan cikin durowar kowane shugaban makaranta. Ku kuma iyaye, kada ku jira ma'aikata: ku nemi a nuna muku ita.