Lasifika Na Kuka, Makarantunmu Na Barci

Wai yaushe za a daina azabtar da kunnuwan bayin Allah a Jimeta? Ka je ɗaurin aure ko walimar sauka, da zarar malam ya karɓi makirfo sai lasifika ta tsandara ihu, dattawa su toshe kunne, goyo ya farka da kuka. Can sai wani yaro ya rugo, ya murɗa nan ya murɗa can, ya ƙwanƙwasa kan makirfo da yatsa, ya hura masa iska. A haka za a gama addu'a, na baya ba su ji komai ba sai "amin". Da azumi abin ya fi muni: tafsiri uku a unguwa ɗaya, kowa ya ƙure ƙara, muryar mai jan baƙi ta dushe kamar daga cikin rijiya take fitowa.

Ba aljanu ne suka shiga na'urar ba. An dasa makirfo ne a gaban lasifika, sautin da ya fita yana komawa ciki yana zagaye. A matsar da lasifika gaba, a sassauta ƙara, magana ta ƙare. Wace sakandare ce ke koya wa yaro wannan?

A 2025 gwamnatin tarayya ta sabunta manhaja, ta tsayar da sana'o'i 6: harhaɗa sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu. Madalla. To ina ɗaukar sauti? Ga gidajen rediyo irin su ABC Yola, Gotel da Fombina FM, dukkansu sai da mai zama a gaban na'ura kafin murya ta isa ƙauye.

Da ka ambaci situdiyo sai iyaye su zabura, wai hanyar lalacewa ce. Su ne kuma masu biyan DJ ya raba unguwa da barci ranar bikin 'yarsu! Yaran da aka hana ɗin ba su fasa ba. Suna sulalewa daga aji su cunkusu a wani ɗaki mai katifa a bango, su koyi haɗa kiɗa da FL Studio a hannun wanda ba ruwansa da tarbiyyarsu, su fito da waƙar da kwamfuta ta matse muryar har ba ka bambance mace da namiji. Kada ma a taɓo batun wuta, da ƙarar janareton da ke shiga cikin kowane faifai.

Addininmu ya hore mu da kyautata duk aikin da muka sa hannu a kai, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ma'aikatar Ilimi ta Adamawa, ku ware ɗaki guda a makaranta irin GMMC Yola, ku sa kwamfuta da makirfo da sola, ku gayyato ma'aikatan rediyo su koyar. Limamai da iyaye kuma ku daina kallon abin a karkace.