RA'AYINMU: A Riƙa Karanta Katin Masu Ciwon Haƙori

'Yan'uwanmu mazauna Idi-Araba a Ikko suna maƙwabtaka da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, inda aka buɗe makarantar likitan haƙori ta farko a ƙasar nan a 1966. Arewa ta daɗe tana jiran irin wannan. Yau kuwa Maiduguri da Kano suna horar da nasu likitocin, sannan a 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya a Azare, cikin ƙasar Katagum. Mun yi murna, amma gini kaɗai ba ya warkar da majiyyaci.

Duk wanda ya je asibitin koyarwa da kogon haƙori, akan buɗe masa kati. A ciki ake rubuta haƙorin da ya ruɓe, da aikin da aka yi masa, da ranar da zai komo. Dalibi ne ke aikin, malami na duba shi yana sa hannu, saboda haka babu asibitin da ya kai na makaranta yawan rubutu. Abin takaici shi ne a tara katunan nan a kabad ƙura tana cin su.

Idan aka zauna aka lissafa su a ƙarshen kowace shekara, za su amsa tambayoyin da bakin kowa ba zai amsa ba. Haƙora nawa aka cike, nawa aka cire? Cikon da aka yi bara, nawa ya faɗi bana? Yaran da zaƙi ya fara ɓata wa haƙori, an shafa musu sinadarin fuloraid, an gargaɗi iyayensu? Mutum nawa aka ce su komo ba su komo ba? Inda cirewa ta rinjayi cikewa, to ko dai jama'a na zuwa a makare, ko kayan aiki sun gaza. Kowanne da maganinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki, kuma ruɓewar haƙori ce kan gaba. Mutanen Azare, Shira da Gamawa ba a wata duniya suke ba.

Muna kira ga shugabannin jami'ar Azare da na asibitinta su ɗora wannan al'ada tun tana sabuwa, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A fitar da lissafin kowa ya gani, a sakaya sunayen majiyyata kamar yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta tanada.

Ku kuma da ke Sabon Ibadan, Agege da Shagamu, kuna aika kuɗin magani gida da guminku. Ku gaya wa iyali su je asibiti tun haƙori bai hana barci ba, su adana katinsu, su koma ranar da aka sa musu. Allah ya ba mu lafiya, amin.